Ganɗoki da Cinikin Sa a Kasuwar Illela

Duk wanda ya taɓa ɗaure sa a turke a Garu ya san ranar sayarwa ta fi kiwon nauyi a zuciya. Wata da watanni kana yanko ciyawa, kana auno dusa, kana tanadin harawa tun kaka, har dabbar ta gane takunka tun daga zaure. Ran Lahadi ka kora shi kasuwar Illela, cikin shanun da aka tsallako da su daga Ƙonni. Mai saye ya taya, ka ce albarka. Ya ƙara, dillali ya riƙe hannunka yana lallashi, rana ta take, daga ƙarshe ka sallama. Babu wanda ya zalunce ka, kuɗinka na aljihu, amma a hanyar gida ka rasa ko murna za ka yi ko baƙin ciki.

Haka nake ji duk lokacin da na kai ƙarshen Ganɗoki, littafin Malam Bello Kagara, yayan Abubakar Imam, wanda aka buga a 1934.

Ba ƙaramin sa Malam Bello ya turke mana ba. Ya fara da abin da ya faru da gaske: yaƙin Turawa da Sarkin Sudan Ibrahim Nagwamatse na Kwantagora a 1901, sannan hijirar Sarkin Musulmi Attahiru zuwa gabas. Mu mutanen ƙasar Sakkwato wannan ba tatsuniya ba ce a wurinmu. A watan Maris na 1903 aka gwabza da Turawa a Giginya, a watan Yuli aka kashe Attahiru a Burmi. Inda tarihi ya kayar da mu, a nan marubucin ya ƙi yarda jaruminsa Ganɗoki ya faɗi. Ya ɗauke shi tare da ɗansa Garba Gagare ya nufi gabas da su, ya shigar da su duniyar aljannu, inda takobi ke da sauran amfani, babu bindiga mai ruwan harsashi. Can Ganɗoki ke kirari yana cin garuruwa yana musuluntar da sarakuna. Yaron da ke karatu jininsa na tafasa, yana jiran ranar da wannan namiji zai juyo gida ya biya bashin Burmi.

Ya kuwa juyo. Sai ya tarar Turawa sun zauna daram, shi kuma ya dubi zamaninsu ya yaba, takobi ya koma kube.

A nan raina ke rabuwa biyu. Wani ɓangare na cewa an karyar da farashi. Yaya mutumin da aljani bai razana shi ba zai sauko haka da sauƙi? Me za a ce wa waɗanda suka kwanta a Burmi, da waɗanda suka ci gaba da tafiya har Sudan, inda jikokinsu ke zaune a Mai Wurno har yau?

Ɗaya ɓangaren kuma na tuna mini kasuwar da aka kai san. An rubuta littafin ne don gasar da Rupert East na Hukumar Fassara ya shirya a 1933, wadda ta fitar da Ruwan Bagaja da Shaihu Umar. Mai tayi Bature ne, maɗaba'a tasa ce, makarantun da za a karanta littafin nasa ne, marubucin kansa malami ne a Kwalejin Katsina. A irin wannan kasuwa ba a kai dabba a ce ba za a sallama ba. Abin da ya fi ba ni mamaki ma shi ne yadda Malam Bello ya daɗe yana cewa albarka. Shekara talatin kacal bayan Burmi, ya sa Bahaushe yana saran sojan Turawa a cikin littafin da Turawa suka biya kuɗin bugawa. Wannan ba ƙaramar jarunta ba ce, kuma ita ce ribar da ta rage a hannunmu.

Duk da haka ban yarda ƙarshen ya dace da farkon ba, kuma ba zan ce ya dace don girman marubucin ba. Na fahimci dalilin cinikin, amma farashin bai kai san ba.

Malaman Hausa na makarantun Illela da kewaye, don Allah idan kun karanta wa ɗalibai Ganɗoki ku kai su har shafin ƙarshe, kada ku tsaya a wurin aljannu. Ku gaya musu shekarar da aka rubuta shi da wanda ya buga shi, sannan ku bar su su faɗi ko da su ne za su sallama.