Karatun Digiri Da Turanci A Jamus: A Duba Kafin A Tsallaka

Daga Wakilinmu Na Arewa

A 'yan shekarun nan, samari da yawa da suka gama sakandare a Kano da Kaduna da Zariya hankalinsu ya koma ƙasar Jamus, don sun ji ana cewa karatu can kyauta ne, kuma da Turanci ake yi. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, amma akwai sauran bayani.

Gaskiya ne tun 2014 jihohin Jamus duka suka soke kuɗin koyarwa a jami'o'in gwamnati, sai ɗan abin da ɗalibi ke biya kowane zango. To amma a 2017 jihar Baden-Württemberg ta sa wa ɗaliban da ba 'yan Tarayyar Turai ba Yuro 1,500 kowane zango.

Batun Turanci kuwa, yawancin kwasa-kwasan da ake koyarwa da shi na digiri na biyu ne. Na digirin farko kaɗan ne. Akwai jami'ar Rhein-Waal da ke garin Kleve, kusa da iyakar Holan, wadda aka kafa a 1ekarar 2009, galibin darussanta da Turanci. Akwai kuma jami'ar Constructor a Bremen, amma ita ba ta gwamnati ba ce, kuɗinta da tsada.

Wani abin da samarinmu ba su cika sani ba shi ne, ba kowace takardar kammala sakandare ce ta isa shiga jami'ar Jamus kai tsaye ba. Wanda tasa ba ta isa ba, ko dai ya fara karatun jami'a a nan gida, ko kuwa ya yi shekara guda a makarantar share fage da ake kira Studienkolleg, wadda galibi da Jamusanci ake koyarwa a cikinta. Ka ga ke nan harshen da ake gudu shi ne ke tsaye a bakin ƙofa.

Sannan kafin a ba da biza, sai an nuna kuɗin guzuri a wani asusu na musamman. A 2024 an ƙayyade shi Yuro 11,904 na shekara guda.

In ma an shiga aji, rayuwa ba a aji kaɗai take ba. Rajista a ofishin hukumar gari, neman ɗakin haya, ganin likita, wasiƙun hukuma, duk da Jamusanci suke zuwa. Doka ta yarda ɗalibi ya yi aikin kwana 140 a shekara, bayan ya gama kuma a ba shi wata 18 ya nemi aiki, amma wanda ba ya jin harshen, zaɓinsa ɗan kaɗan ne.

Saboda haka shawararmu ga iyaye ita ce, kafin a sayar da gona ko fili, yaro ya fara koyon Jamusanci tun yana gida. Ku da ke Ikko, ga cibiyar Goethe nan kusa da ku. Hausawa dai sun ce da ɗan gari akan ci gari. Allah Ya ba da sa'a.