Shirin Tunkarar Fari a Birane: Misalin Birnin Kef Tawun

Idan aka ambaci fari, abin da kan fara zuwa a zuciya shi ne shuka ta ƙone, dabbobi sun rame. Amma fari yana da wata fuska a birni, inda miliyoyin jama'a suka dogara ga famfo, shi kuma famfon ya dogara ga madatsun ruwa. Shirin tunkarar fari a birni shi ne tsarin da hukuma kan tanada tun ruwa bai ƙare ba, wanda ke fayyace matakin da za a ɗauka duk lokacin da ruwan madatsa ya sauka zuwa wani ma'auni.

Birnin Kef Tawun na ƙasar Afirka ta Kudu misali ne da ya cancanci nazari. A lokacin da farin ya same shi, mazaunansa sun kai kimanin miliyan 4, kuma kusan duk ruwan shansu yana fitowa ne daga manyan madatsu shida, mafi girmansu ita ce Theewaterskloof. Daga shekarar 2015 zuwa 2017 damina uku a jere suka gaza, madatsun suka yi ta ja baya.

Hukumar birnin ta bi matakai ne hawa-hawa. Da farko ta taƙaita ban ruwan lambu da wanke mota da ruwan famfo. Da abin ya tsananta sai ta ƙayyade wa kowane mutum lita 87 a yini, sannan daga ranar 1 ga Fabrairu, 2018 ta mayar da shi lita 50. A cikin wannan ɗan ruwa ne mutum zai sha, ya yi girki da wanka da wanki, ya kuma kora ban ɗaki. An tsauwala kuɗin ruwa ga masu ɓarna, an kuma sanya wa gidajensu na'urar da ke tsayar da ruwa idan sun cinye rabonsu. Akwai kuma wani aikin da ido bai cika gani ba, alhali ya taimaka ƙwarai, wato rage ƙarfin turo ruwa a cikin bututu, domin idan ƙarfin ya ragu, abin da ke yoyewa ta wuraren da suka fashe ma yakan ragu.

Matakin ƙarshe shi ne wanda aka yi wa laƙabi da Ranar Sifili. An sanar cewa da zarar ruwan madatsun ya sauka zuwa kashi 13.5 cikin 100, za a rufe famfunan yawancin unguwanni, jama'a su riƙa bin layi a wurare kimanin 200 suna karɓar lita 25 kowannensu. Dalilin tsayawa a wannan ma'auni shi ne, kashi 10 na ƙarshe da ke gindin madatsa yana da wuyar janyowa. A watan Janairu na 2018 an yi hasashen ranar za ta faɗo a watan Afrilu. Sanin takamaiman lokaci ya girgiza mutane fiye da duk wani dogon wa'azi, har ruwan da birnin ke sha a kullum ya ragu da fiye da rabi idan aka kwatanta da lita biliyan 1.2 da yake sha a 2015. Aka yi ta ɗage ranar, har ruwan sama ya sauka a tsakiyar shekarar, ba a kai ga rufe famfo ba.

Abin lura shi ne, ƙananan injinan tace ruwan teku da aka kafa cikin gaggawa ruwa kaɗan suka samar, ga tsada. Tsimin da jama'a suka yi shi ya ɗauki mafi yawan nauyin. Sai dai nauyin bai faɗa wa kowa daidai ba. An zabge wa manoman yankin rabon ruwansu sosai, dubban ma'aikatan gona suka rasa aiki. Su kuwa talakawan unguwannin bukkoki, bin layin famfo da bokiti ba sabon abu ba ne a wurinsu, domin haka suke rayuwa tun kafin farin ya zo.