Tarbiyyar Masu Jagorancin Tattaunawa Tsakanin Yahudawa da Falasɗinawa

Duk wanda ya taɓa halartar majalisar sulhu ya san cewa tara masu husuma a ɗaki ɗaya bai isa ya haifar da maslaha ba, domin kuwa idan babu mai hikimar tafiyar da zance, wanda ya fi ƙarfi shi ne zai mallake majalisar, mai rauni kuwa ya haɗiye maganarsa, ya tashi da gabar da ta fi wadda ya shigo da ita. Bisa ga wannan haƙiƙa aka buɗe Makarantar Zaman Lafiya a shekarar 1979 a ƙauyen Wahatus Salam, wanda Yahudawa ke kira Neve Shalom, a tsakanin Ƙudus da Tel Abib, ƙauyen da wani malamin Kirista haifaffen Alƙahira, Bruno Hussar, ya assasa domin Larabawa da Yahudawa su zauna a cikinsa maƙwabtan juna.

Ƙa'idar makarantar ita ce kowace halƙa ta sami jagora biyu, Balarabe da Bayahude, masu daraja ɗaya, kuma kafin a ba mutum wannan amana sai shi kansa ya zauna a irin wannan halƙa a matsayin almajiri, ya ɗanɗana ɗacin jin abin da ba ya son ji. Ana koya masa lura da abin da ido ba ya saurin kamawa. Larabawan da ke cikin Isra'ila galibinsu sun iya Ibrananci, alhali Yahudawa kaɗan ne suka iya Larabci, saboda haka zance yakan karkata zuwa harshen masu rinjaye ba tare da kowa ya yi niyya ba. Wajibin jagora ne ya nuna wa mahalarta wannan karkata, domin ita ce hoton rashin daidaiton da ke wajen ɗakin. Haka nan akan raba jama'a, kowane ɓangare ya keɓe ya yi shawara da harshensa, sa'an nan a sake haɗuwa. Idan aka zo kan shekarar 1948, wadda Bayahude ke ambato da samun 'yanci, Bafalasɗine kuwa da Nakba, watau masifar korarsu daga gidajensu, jagora ba ya yanke hukunci, ba ya kuma gaggauta lallashi, sai dai ya tabbatar an saurari kowace riwaya har ƙarshenta.

Akwai Falasɗinawa masu sukar irin wannan zama, suna ganin hanya ce ta sabar wa mutane da mamaya, kuma hujjarsu tana da nauyi matuƙar zaman ya tsaya ga cin abinci tare da musayar murmushi. Wannan ne ya sa tarbiyyar jagora ta fi ba da ƙarfi ga adalci a kan mujamala, domin sulhun da aka gina bisa ɓoye zalunci ba ya ɗorewa.