3.2 Kwamitin Rabon Filaye da Sasanta Rikicin Diyya a Birnin Katsina

Ba kowace takaddama tsakanin talaka da hukuma ce ake kaiwa gaban alƙali ba. Akwai waɗanda doka ta ɗora wa wasu kwamitoci na musamman alhakin warware su. Misali a nan shi ne rikicin diyyar fili.

Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna, kuma Katsina ta sami nata gwamnan tun da aka ƙirƙiro jihar a 1987. Sashe na 28 ya ba shi ikon soke haƙƙin mallakar fili domin amfanin jama'a, kamar gina hanya ko asibiti. Sashe na 29 kuwa ya wajabta biyan diyyar gini da amfanin gona. Idan mai fili bai gamsu da kuɗin ba, sashe na 30 ya ce a miƙa maganar ga Kwamitin Rabon Filaye, wanda dole ya ƙunshi lauya da aƙalla masana ƙimar filaye biyu.

Amfanin wannan tsari shi ne sauƙin kashe kuɗi da ƙwarewar mambobi. Sai dai gwamnan da ya karɓi filin shi ne ke naɗa kwamitin, wato mai ƙara na neman adalci a hannun wakilan abokin shari'arsa. Saboda haka sashe na 44 na Tsarin Mulkin 1999 yake da muhimmanci, domin ya bar wa mai fili ƙofar zuwa kotu a kan adadin diyyarsa.