MASU BIN SABON RUWA A FADAMAR DAGONA

A ƙasashen Turai akwai wani wasa na lokacin sanyi, watau zamiya a kan dusar ƙanƙara da dogayen katako biyu ɗaure a ƙafa. Yawancin masu yinsa su kan je filayen da aka gyara, inda inji ke haurar da mutum bisa dutse ya gangaro. Amma akwai waɗanda ba su ƙaunar wurin da ƙafa ta riga ta tattake. Su kan manna wata fata mai gashi a ƙarƙashin katakon don kada su zame baya, su hau dutse tun asuba, su na neman ƙanƙarar da ta zuba cikin dare, mai laushi kamar garin da aka tankaɗe. Hanyar da ta fi suna wurinsu ita ce daga Shamoni a Faransa zuwa Zarmat a Suwizalan, tafiyar kusan mako guda, kuma ba shekarar da ƙanƙara ba ta zaftaro ta binne wasu ba.

Ƙasar nan ba ta san ƙanƙara ba sai wadda ke faɗowa da ruwan sama. Duk da haka sanyin Turai ya na aiko mata baƙi kowace shekara, gama shi ke koro tsuntsaye daga arewacin Turai da Rasha, su ƙetare teku da Sahara, su sauka a fadamar Haɗeja da Nguru tun daga watan Oktoba. Ɗaya daga cikin masaukansu shi ne tabkin Dagona, a ƙasar Bade ta Jihar Yobe, tsakanin Nguru da Gashuwa. Mai son ganinsu da kyau, shi ma tilas ya bar hanyar da kowa ke bi.

Dalili kuwa shi ne tsuntsu ruwa ya ke bi, ruwan fadama kuma ba ya zama wuri guda. Kogin Haɗeja da na Jama'are su kan cika su malala cikin Agusta da Satumba, kafin su haɗu su nufi tabkin Chadi da sunan Komadugu Yobe. Da kaka ta yi sai ruwan ya fara janyewa, ya na barin ƙananan tabkuna da laka mai ɗanyen abinci. Inda aka ga dubban ƙananan agwagin Turai a wannan mako, mako mai zuwa sai a tarar da busasshiyar ƙasa da sawun shanu. Saboda haka a kan tashi ne da duhun asuba, cikin hazon hunturu, a shiga kwalekwale. Inda ruwa ya yi ƙaranci a sauka a tura, inda ya ƙare a naɗe wando a taka, ana ratsa bagaruwa da goruba, har a ɓullo wani tabki da ba wanda ya girgiza shi tun jiya. Nan ne a ke samun baƙin sun cuɗanya da 'yan gida, ƙirinjijiya da ɗinya da zalɓe da kwasakwasa. Ba taswirar da ke nuna irin wannan wuri. Masunta ne su ka san shi, kuma baƙon da ya raina saninsu, yini zai yi ya na kallon balbela.

Masana sun lissafta irin tsuntsaye fiye da 370 a wannan fadama. A cikin 1987 aka kafa shirin kiyaye ta, a 1989 Yarima Filib, mijin Sarauniyar Ingila, ya zo Dagona da kansa. A 1991 aka shigar da wurin cikin gandun dajin ƙasa na tabkin Chadi, sa'an nan a 2008 tabkin ya shiga jerin fadamu masu daraja na yarjejeniyar Ramsar.

Sai dai takarda ba ta kawo ruwa. Tun da aka gama madatsar Tiga a 1974, da ta Challawa a 1992, ambaliyar da ke ciyar da fadamar ta ragu, ta kuma sauya hali. Da can kogi ya kan cika ya bushe. Yanzu a kan saki ruwa ko da rani, wasu wurare su jiƙe shekara duka, abin da ciyawar kacalla ke so ke nan. Ta toshe magudanai, ta karkatar da ruwa wajen Nguru, har ya cinye gonaki, alhali wasu fadamun da ke dogara da tsohuwar hanyarsa su na jira. Cikinta kuma jan-baki ke samun mafaka, ya fito ya afka wa shinkafa da gero.

Ba tsuntsu kaɗai abin ya shafa ba. Ruwan da agwagwa ke nema shi ne masunci ke nema, shi ne manomin shinkafa ke jira, bayansa kuma Bafillace ke koro shanu don ɗanyar ciyawa. Mutanen ƙauyuka su kan yi gayya su shiga ruwa da adda su sare kacalla don buɗe hanyar kwalekwale, bayan 'yan watanni ta sake tofowa. Baƙin kuwa, da Maris ya kama su ke fara tashi, kafin ƙarshen Afrilu yawancinsu sun ƙetare Sahara.