Ƙuda a Barga: Haɗin Gida Mai Korarsa, da Haɗin da Ke Kashe Doki

Duk wanda ya taɓa shiga barga a tsakiyar watan Agusta ya san abin da zan faɗa. Ruwa ya ɗauke da hantsi, rana ta ɗan leƙo, ƙasa tana tururi. Doki yana tsaye a turke, amma ba tsayuwar hutu yake ba. Ya buga ƙafar gaba, ya kaɗa wutsiya, ya girgiza fatar kafaɗa, ya juyo da kai zai ciji haƙarƙarinsa. Harawa na gabansa, sai ya ɗauki baki ɗaya ya saki. A gefen idonsa ƙudaje sun yi layi suna shan hawaye. Dokin da ya wuni haka, ya kwana haka, ko dawa ake auna masa da kwano ba za ka ga ta zauna a jikinsa ba.

Shi ya sa masu dawaki da 'yan barga suka shiga neman haɗin gida, musamman yanzu da maganin kanti ya yi tsada, kuma kowace waya cike take da masu koyar da "haɗin da ke korar ƙuda nan take". Haɗin gida yana da amfani, ni ma ina yi. Amma aikinsa kora ne na ɗan lokaci, ba kisa ba, ba kuma warkarwa ba. Wani haɗin kuwa, da a bar doki da ƙudansa ya fi alheri.

Mu fara sanin abokin gaba, domin ba ƙuda ɗaya ba ne. Akwai ƙudan gida da muka sani, wanda ba ya cizo, sai dai ya lashi ido, hanci da bakin ciwo. Shi ke kai 'ya'yan wata tsutsar ciki cikin miki, sai ka ga ɗan ƙaramin gurjewar sirdi ya zama gyambo mai jan nama da ya ƙi warkewa har damina ta fita. Akwai wani mai kama da shi sak, amma bakinsa tsinke ne, jini yake sha, kuma ƙafafu ya fi so. Idan doki yana yawan buga ƙasa, duba ƙwaurinsa, shi za ka gani. Sai bobuwa, babbar nan mai yanka fata har jini ya zubo, wadda ta fi yawa a fadama da bakin rafi. Ta macen ce ke cizo. Ita da wancan mai tsinken baki su ke ɗaukar ƙwayar cutar da turawa ke kira sura, dangin sammore, daga dabba zuwa dabba, kuma raƙumi da doki ta fi kamawa. Wani likitan dabbobi ɗan Birtaniya, Griffith Evans, shi ya gano ƙwayar a jinin dawaki da raƙuma a Indiya a 1880. Na ƙarshe su ne 'yan ƙananan ƙwarin nan da ba su kai sauro ba, masu fitowa da magariba da asuba. Ƙanƙantarsu kada ta ruɗe ka, su ke yaɗa cutar dawaki ta Afirka, wadda kan kashe bakwai zuwa tara cikin goma na dawakin da ta kama idan ba su da rigakafi.

To, ga haɗin da na yarda da shi, kuma kayansa suna bakin ƙofarmu. Darbejiya ce, wadda wasu ke kira dogon yaro, wasu maina, Sakkwatawa su ce bedi. Asalinta daga Indiya ne, amma yau babu garin da ba ta yi wa inuwa. Ɗacinta da warinta ƙwari ba sa so, kuma ƙarfin ya fi taruwa a cikin 'ya'yanta, wato man darbejiya ya fi ruwan ganye aiki. A sami ruwa mai ɗumi lita 1, a zuba man darbejiya cokalin shayi 4, wato kimanin mililita 20, sai rabin cokalin shayi na sabulun ruwa mai laushi. Sabulun ba don wanki ba ne. Mai da ruwa ba sa haɗuwa, idan babu sabulu man zai taso sama, farkon feshin ya fito ruwa zalla, ƙarshensa ya fito mai zalla a wuri ɗaya a jikin doki. A girgiza kwalbar kafin kowane feshi. Kuma a haɗa na yini ɗaya kawai, domin sinadarin darbejiya yana lalacewa da sauri a cikin ruwa da hasken rana. Wanda ya haɗa jarka guda ya ajiye na wata, daga baya ruwan wari kawai yake fesawa.

Wanda bai sami man ba, ya cika tukunya rabi da ɗanyen ganye, ya zuba ruwa ya rufe shi, ya tafasa kamar minti 20, ya bari ya huce, ya tace da ƙyalle mai kyau don kada ya toshe bakin kwalba. Ana iya jefa ɗoɗɗoya ko ciyawar shayi mai ƙamshin lemo a ƙarshen tafasar, a rufe tukunyar, tunda ƙamshin nasu ne ke aiki kuma tururi ke tafiya da shi. Wannan ya fi rauni, amma kyauta ne. Wasu suna ƙara ruwan khal, kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan. Ba na hanawa, sai dai ƙarfinsa a kan ƙuda bai kai yadda ake zuzuta shi ba, kuma idan ya taɓa ƙuje yana da zafi ƙwarai.

Kafin ka yi wa doki wanka da kowane sabon haɗi, shafa kaɗan a gefen wuyansa, wuri kamar faɗin tafin hannu, ka jira har gobe war haka. Idan wurin ya kumbura, ya yi zafi, ko gashi ya tashi, wannan haɗin ba na dokinka ba ne ko da ya karɓi na maƙwabcinka. Dawaki masu farar fata a hanci da gefen ido sun fi saurin ƙonewa. Idan lafiya lau, a fara goge ƙura da busasshen gumi tukuna, sannan a fesa a ƙafafu, ƙirji, ƙarƙashin ciki, gindin geza da gindin wutsiya. Fuska ba a fesa mata. A jiƙa tsumma a shafa kumatu da bayan kunne, a bar tazara tsakaninsa da ido da hanci. Ba a sa shi a kan buɗaɗɗen ciwo, ko al'aura, ko nonon goɗiya mai shayarwa, kuma ba a sa shi inda sirdi da majayi za su zauna, don zafi da gumi kan mayar da abu mai sauƙi ya zama mai ƙuna. Dokin da bai saba da ƙarar kwalbar feshi ba kan zabura, sai a fara da ruwa zalla daga ƙafa, ana yi ana magana da shi, kada a tsaya ta bayansa.

Awa nawa haɗin yake yi? Kaɗan. Da zarar doki ya yi gumi ko ruwa ya taɓa shi, ya tafi. Sai a yi da safe, a sake da la'asar kafin ƙwarin magariba su fito, a kuma yi kafin kilisa. Bobuwa kuwa ba ta cika damuwa da wari ba, da ido take farauta, tana bin abu mai duhu mai motsi. Shi ya sa akawali ke shan cizonta fiye da kili. A 2019 masu bincike a Ingila sun lulluɓe dawaki da mayafi mai zanen jakin dawa, fari da baƙi, suka ga bobuwa tana zuwa amma ta kasa sauka a kan zanen. Ban ce a yi wa ingarma zane a fita hawan sallah ba, amma farin mayafi mara nauyi a bayan baƙin doki da rana ya fi feshi uku, haka nan ɗauke shi daga fadama lokacin da rana ta take.

Yanzu ga inda nake so a buɗe kunne. Wata damina na je duba wani bikili da ɗan barga ya shafe wa ƙafafu da ƙarƙashin ciki da baƙin mai haɗe da kananzir. Yaron ba mugu ba ne, tausayin dokin ya ji, kuma haka ya ga ana yi. Na ce, "Kai samari, wa ya ce ka sa masa wannan?" Ya sunkuyar da kai ya ce, "Wallahi Baba, ƙudan ne suka hana shi cin abinci, kuma da na shafa sun gudu." Gaskiya ne sun gudu. Bayan kwana uku fatar ta tsattsage, gashin yana fitowa a hannu kamar an tafasa kaza, ruwa yana tsattsafowa, ƙudajen suka dawo ninkin na da, wannan karon da nama a buɗe. Dokin bai fita hawan sallar shekarar ba. Baƙin mai cike yake da dattin inji da ƙarafa masu guba, kananzir da dizal kuma cin fata suke yi, ga doki yana lasar jikinsa.

Haka nan maganin ƙwari na gona, irin su Sniper da ota-fiya-fiya da ake ƙullawa a 'yan kwalabe. Gubar da ke cikinsu tana ratsa fata, ta doki da ta mai shafawa. Alamarta dalala, rawar jiki, zawo, da numfashi sama-sama. Tun 2019 hukumar NAFDAC ta taƙaita sayar da Sniper a kasuwanni saboda yadda ake amfani da shi ba bisa ƙa'ida ba. Akwai kuma tarkon da ko tsofaffin makiyaya ke faɗawa: maganin kaska na shanu mai sinadarin Amitraz. Saniya tana ɗaukarsa, doki ba ya ɗauka. Yana tsayar masa da hanji, ciki ya ɗaure, ya yi ta tangaɗi kamar mai maye, wani lokaci ya mutu. Duk maganin da za a sa wa doki, a karanta jikin kwalbar, a ga an ambaci doki, idan da sunan Amitraz a mayar da shi garke. Kuma kada a haɗa kayan doki a kwalbar da ta taɓa ɗaukar maganin gona, ko an wanke ta.

Ko cikin kayan itatuwan ma akwai masu cutarwa. 'Yan ƙananan kwalaben man ƙamshi da ake sayarwa, na kanumfari, na na'ana'a, na bishiyar turare, na ɓawon lemo, masu ƙarfi ne sosai. Zallarsu ƙuna ce. Idan za a sa, kada duka-duka su wuce cokalin shayi 1 zuwa 2 a lita. Na ɓawon lemo kuma yana sa rana ta ƙona fata. Masu cewa a riƙa zuba wa doki tafarnuwa a dusa don jininsa ya yi wa ƙuda wari su sani cewa tafarnuwa da albasa, idan suka yi yawa kuma aka daɗe, fasa jajayen ƙwayoyin jinin doki suke yi. Man darbejiya shi ma na shafawa ne, ba na ɗurawa ba.

Duk wannan feshin kuwa, idan tulin kashi yana bayan turke, ɗiban ruwa ake yi da kwando. Ƙudan gida ɗaya kan saka ƙwai wajen 500 a rayuwarsa, kuma a zafi irin namu daga ƙwai zuwa ƙuda mai tashi kwana 7 zuwa 10 ne. Mai tsinken baki shi kuma a ruɓaɓɓiyar harawa da ingiricin da fitsari ya jiƙa yake hayayyafa, wato daidai ƙarƙashin ƙafar doki. A kwashe kashi safe da yamma, a kai shi nesa da barga, a shanya ya bushe ko a tula a rufe da leda baƙa zafi ya kashe tsutsar. Manoma ma nemansa suke. A canza yashin turke idan ya jiƙe, a gyara magudanar ruwa, a wanke kwanon dusa. Inda akwai wuta, fanka tana taimakawa sosai da dare, domin ƙananan ƙwarin nan ba sa iya tashi cikin iska, alhali gidan sauro na yau da kullum suna ratsa shi. Hayaƙin ganyen darbejiya da magariba tsohuwar dabara ce mai kyau, in dai a waje aka hura, nesa da rumbun harawa, kuma ba a turnuƙe doki a rufaffen ɗaki ba.

Idan kuma doki ya fara zazzaɓi mai zuwa yana tafiya, yana ramewa alhali yana ci, dasashinsa ya yi fari, ƙafafu da ƙarƙashin ciki suka kumbura, wannan ya wuce darbejiya, jini ake ɗiba a duba. Idan ramin da ke saman idonsa ya cika ya kumbura, ko numfashi ya yi wuya, ko kumfa tana fita ta hanci, a kira likitan dabbobi a ranar, a killace sauran dawakin tun kafin magariba. Kada a saya masa allurar sammore ta shanu a kasuwa a yi masa da ka, domin doki ba ya jure ta kamar saniya, kuma awon da ya warkar da bijimi yana iya kwantar da ingarma.