Lissafin Yau da Kullum a Matsayin Tsanin Koyon Rubuta wa Kwamfuta Umurni

Abin da wannan 'yar maƙala za ta yi ƙoƙarin nunawa shi ne, mai son koyon rubuta wa kwamfuta umurni ba sai ya yi zurfi a ilimin lissafi ba kafin ya fara. Tarawa da ɗebewa da ninkawa da rabawa sun ishe shi, muddin ya iya warware aiki daki-daki, domin ita na'urar abin da aka gaya mata kaɗai take yi. Jerin matakan da ake tsara mata shi masana ke kira algoridam, kalmar da ta samo asali daga sunan al-Khwarizmi, malamin lissafin nan da ya zauna Bagadaza a ƙarni na 9. Kada ɗalibin Sashen Hausa ya ce ba gonarsa ba ce. Harshen BASIC, wanda John Kemeny da Thomas Kurtz suka ƙirƙiro a Kwalejin Dartmouth ta Amurka a 1964, an yi shi ne musamman saboda ɗaliban da ba kimiyya suke karantawa ba. A nan za mu yi amfani da Python, wanda ya fito a 1991.

Bari mu fara da tsohon kuɗi. Kafin zuwan naira da kwabo ranar 1 ga Janairu, 1973, kwabo 12 ke yin sule, sule 20 kuma ke yin fam, watau kwabo 240 ke nan. To, a ce an ba na'ura kwabo 810, an ce ta faɗi ko nawa ne. Mataki na farko, ta raba 810 da 240, ta sami 3, saura 90. Na biyu, ta raba 90 ɗin da 12, ta sami 7, saura 6. Amsa ita ce fam 3 da sule 7 da sisi. Python na da alama biyu don wannan aiki: // tana ba da kason da ya fita cif, % kuwa tana ba da saura. Saboda haka 810 // 240 ya ba da 3, 810 % 240 ya ba da 90.

Wannan dabara ta rabawa da riƙe saura ita ce za ta kai mu ga aikin da, a ganina, ya fi kowane dacewa da mai nazarin harshe, watau mayar da alƙaluma kalmomin Hausa. A ba na'ura 247. Ta raba da 100, ta sami 2, ta rubuta "ɗari biyu". Ta raba 47 da 10, ta sami 4, ta ɗauko "arba'in" daga jerin gomomin da aka tanadar mata. Saura 7, ta rubuta "bakwai", ta haɗa su duka da "da". Kamar an gama, amma da sauran rina a kaba. Idan aka ba ta 13, za ta ce "goma da uku", alhali Bahaushe "goma sha uku" yake cewa. Tilas ke nan a gindaya mata sharaɗi cewa daga 11 zuwa 19 "sha" ake sawa. Idan aka ba ta 200 kuma, za ta ce "ɗari biyu da sifiri", sai an koya mata yin shiru duk inda saura ya zama babu. Sa'an nan ga tambayar da na'ura ba za ta iya yankewa ba: 19 "goma sha tara" ne ko "ashirin ba ɗaya"? 200 "ɗari biyu" ne ko "metan"? Duka Hausa ce, kuma mai rubuta umurnin ne zai zaɓa, bisa ga waɗanda yake yi wa aikin. Ta haka ɗalibi kan tarar da cewa ƙa'idojin da ya tashi da su a baki, bai taɓa zama ya tantance su ba sai da na'ura ta tilasta masa.

Akwai wani tarko game da kuɗin yanzu. Wanda ya sa Python ta tara 0.1 da 0.2 zai ga ta ba shi 0.30000000000000004. Dalili shi ne kwamfuta da alƙaluma biyu take ƙirga, 0 da 1, kuma a wannan tsari kashi ɗaya bisa goma ba ya ƙarewa, kamar yadda ɗaya bisa uku ba ya ƙarewa a namu, sai 0.333 har illa ma sha Allahu. Bambancin ƙanƙane ne, amma ya isa ya sa na'ura ta ce jimla biyu ba su yi daidai ba, alhali daidai suke, a shiga zargin ma'aji a banza. Maganinsa shi ne a mayar da kome kwabo tun daga farko, naira 12.50 ta zama kwabo 1,250, a yi lissafin da cikakkun alƙaluma, sai a wajen rubuta amsa a raba da 100 a riƙe saura, kamar yadda aka yi da fam da sule.